Ranar da na kwance kan famfo na bar Inna a kulle

A lokacin ina matar aure mai 'ya'ya ƙanana a Fadaman Mada, maigidana direba ne da kan daɗe a kan hanya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana wurina tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. A kan katifa take kwana a ƙasa, kuma ɗakin nata ya fi tsakar gida kwari. Ban daɗe da fara zuwa makarantar yaƙi da jahilci ba, har na soma jin cewa babu abin da zai gagare ni.

Famfonmu ya daɗe yana ɗiga duk ranar da aka kawo ruwa. Wata safiya yara sun tafi makaranta, ga shi an kwana biyu ba ruwa, sai na ari sifana wurin maƙwabciyata, wata 'yar kudu mai shagon kayan masarufi, na kwance kan famfon. Na tarar robar ciki ta cinye. Akwai makullin ruwa a bakin zaure, amma na ce a raina me zan rufe a bututun da ko iska babu. Na gaya wa Inna yanzu zan dawo, na sa kwaɗo a ƙofar gida kamar kullum, na ɗauki kan famfon na nufi kasuwa.

Ina tsaye mai shago yana gwada min roba, sai na ga mata suna gudu da jarkoki, ana cewa an kawo ruwa. Wallahi har yau ban san yadda na hau acaɓa ba. Ina ta roƙon mai babur ya yi sauri, shi kuwa yana cewa in bar ƙwaƙume masa riga kada mu faɗi. Abin da nake gani kawai shi ne Inna kwance, ba ta iya ko juyawa, ruwa yana gangarawa ɗakinta. Salati ma ya ƙi fita daidai a bakina.

Na iske ƙofa a ɓalle. Maƙwabciyata ta ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙyaure, ta fasa kwaɗon da taɓarya, ta rufe makullin. Na tarar da ita a ɗaki, zaninta sharkaf, ta jingina Inna da ƙirjinta. Katifa ta jiƙe, ruwa ya kai idon sawu. Da Hausarta ta 'yan kasuwa ta ce min ni ba ni da hankali ne, ana kulle tsohuwa kamar buhun shinkafa? Inna tana rawar sanyi, amma ta ce a ƙyale ni, ai alwala ce aka kawo mata har ɗaki. Ta yi mura da tari mai tsanani, kowane tarinta kuwa a ƙirjina yake sauka, kafin Allah ya ba ta sauƙi.

'Yan uwana mata, gyara da hannunku ba laifi ba ne. Amma bututun da ya yi shiru ba mutuwa ya yi ba, ku rufe makulli kafin ku taɓa shi. Kuma kada ku kulle wanda ba ya iya tashi ku fita, ko da nan da bakin titi ne, ba tare da kun bar wa maƙwabta mabuɗi ba. Ni Allah ya rufa min asiri da matar da ko sallar idi ba ma yi tare.