Sunan da Baba Bai Kira Ba

Da hantsin wata Talata, Umma tana wanke shinkafa, wayata ta yi ƙara. Wata mata daga asibiti ta tambaya da Turanci ko ni ne ɗan Malam Habibu. Na ce ni ne. Ta ce in yi haƙuri, numfashinsa ya tsaya bayan asuba. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin tayil. Umma ta leƙo daga kicin da ruwa a hannunta, ta dube ni, ta kama salati tun ban buɗe baki ba. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Shekara ta biyu ke nan ta annobar korona, muna kulle a hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, babu maƙwabcin da ke da damar shigowa ya yi mana gaisuwa.

Abokan aikinsa sun riga sun rubuta abin da suka sani game da shi, na kuwa gode musu. Ni abin da ke cin raina zan rubuta. Na ɓata wa mahaifina rai makonni uku kafin rasuwarsa, kuma har yau ban tabbatar ya yafe mini ba.

Baba malamin lissafi ne a wata jami'a a nan Kuala Lumpur, mutum mai ƙarancin magana da yawan ɗawainiya. Ɗaliban da suka kwana a falonmu kafin su sami ɗaki ba su ƙirguwa. Da kansa yake raka sabon zuwa tashar jirgin ƙasa ya nuna masa yadda ake yankar tikiti, don kada ya ji kunya a gaban mutane. Da aka kulle gari, yakan sauka shagon abinci na mamak ya yi tapau, wato a ƙunsa masa abinci a leda, ya rataye ledar a ƙofar ɗalibin da aka killace, ba ya buga masa waya sai ya koma cikin lif. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "In ka tsaya aka yi maka godiya, ai ka karɓi kuɗin abincinka."

Akwai kuma abin da masu bin sa sallah ba su sani ba. Baba yana tara ƙananan faya-fayan garmaho, irin masu waƙa ɗaya a kowane gefe, na kiɗan da Turawa ke kira punk da garage da new wave. Ya fara ne tun yana saurayi, lokacin da ya yi aikin wucin gadi a wani gidan rediyo a Kaduna, aka sa shi ya zubar da kwalayen faya-fayan da ba mai sakawa, shi kuma ya kwashe su gida. A nan kuwa ya sami wani tsoho ɗan Cina mai shagon tsofaffin kaya. In Umma ta shiga sayen yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, sai ya ce zai ɗan zaga, ya dawo da ƙura a hannun riga.

Ƙa'idarsa biyu ce. Dole sunan waƙar ya zama sunan namiji, kuma dole makaɗan su zama waɗanda ba a sani ba. "In an san su, ba sa buƙatata," haka yake cewa. Gaskiya kiɗan ba daɗi. Jita tana kuka, mai ganga yana duka kamar da gayya, wani yaro yana ta ƙwala kiran sunan wani mutum, minti biyu an gama. Umma tana kiransa injin markaɗe. Baba kuwa yakan rage sauti, ya sunkuya kusa da allura, ya ce mana wannan da direban bas yake, wannan da malamin da ya kore shi daga makaranta, wannan da wansa da ya tafi soja bai dawo ba. Yakan ce yaran sun buga ɗari biyu ko uku da kuɗin aljihunsu, suka watse, wasu ma sun mutu, amma sunan yana nan a kan takarda.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, Isma'ila. Kowa Abba yake ce mini. Baba ko Abban bai taɓa faɗa ba. "Kai" ne in ina kusa, "wannan" in yana tambayar Umma. Na san al'ada ce, na san kunya ce, na san kakansa ma haka ya yi. Amma ina da shekara goma aka kawo ni garin nan, na girma ina jin iyayen abokaina suna kiran 'ya'yansu daga baranda, kuma abin ya daɗe yana sosa mini rai ban faɗa wa kowa ba.

Kulle ya sa ɗaki ya yi mana kaɗan. Wata la'asar yana jera faya-fayan a kan tabarma, yana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da wannan natsuwar tasa, sai ya ce, "Kai, miƙo mini tsumman can." Ban miƙa ba. Na ce masa ya iya kiran sunayen Turawan da bai taɓa gani ba, har guda nawa, amma nawa ya gagare shi. Na ce maigadin gininmu ma ya fi shi sanin sunana a baki. Ƙanwata Husna ta ce da yaren Malay, "Abba, sabar lah," wato in yi haƙuri, na daka mata tsawa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Su in mutum ya dame su, ihun sunansa suke yi. Mu in mutum ya yi mana nauyi a zuciya, sunan ne yake ƙin fita." Na ce wannan zancen tsofaffi ne. Ya tattara faya-fayan ya mayar kwali, ya lulluɓe garmahon da tsumman da ya tashi ya ɗauko da kansa. Bai sake kunna shi ba.

Na yi niyyar ba shi haƙuri, Allah Ya sani. Kullum sai in ce gobe, ina ganin ai muna gida ɗaya, babu inda wani zai je. Muka yi ta cin abinci a faranti ɗaya ina kallon ƙasa. Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya kama shi, ya rufe kansa a ɗaki don kada ya shafa mana. Na tsaya a bakin ƙofar sau biyu, tarinsa ya hana ni magana. Ranar da motar asibiti ta zo, masu fararen kaya suka ce mu ja baya, na ga tafin ƙafarsa kawai da aka tura shi cikin lif.

Sau ɗaya muka gan shi bayan nan. Wata nas mai kirki ta kira mu ta bidiyo a wayarta. An rufe masa hanci da baki da robar iska, na'ura tana huci a gefensa. Ya dubi Umma, ya dubi Husna, sai idonsa ya shiga nema. Umma ta miƙo mini wayar. Na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na faɗa." Ya ɗaga hannu da ƙyar ya janye robar, leɓensa ya motsa sau biyu. Hucin na'urar ya cinye maganar. Nas ɗin ta mayar masa da robar da sauri, ta ce dole ta kashe.

Umma ta rantse sunana ya kira. Husna ta ce "na yafe" ya ce. Ni da na fi su kusa da wayar ban ji komai ba, kuma ba zan ƙaga wa mamaci magana don in sami barci ba. An binne shi muna tsaye daga nesa, baƙi ne suka sa shi a kabari. Kwalayen suna nan ƙarƙashin gadonsa, za mu koma Kano da su in an buɗe hanya, amma ban iya ɗaga murfin ko ɗaya ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Habibu, Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka karɓi abincin da ya rataye a ƙofofin mutane. Ka ba Umma haƙuri, Ka raya Husna cikin kiyayewarKa, Ka mayar da mu gida lafiya. Ka ji ƙan duk waɗanda annobar nan ta ɗauke ba tare da nasu a kusa ba. Ni kuma, ya Ubangiji, Kai Ka ji abin da ya faɗa. In yafiya ce, Ka tabbatar mini da ita. In bai kai ga faɗa ba, Ka isar masa cewa na roƙa.