Ƙoren Goggo

A shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola, babanmu ya kwashe buhunan da ke shagon ƙofar gidanmu a Jimeta, ya sauki wata mata da 'yarta. Uwar muna kiranta Goggo, 'yar kuwa Adda, don ta girme ni. Da kayan jikinsu kawai suka iso.

Ni a lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. Saboda haka ni na fara lura da wani saurayi manomi daga Ngurore, wanda ke kawo masara gidajen da suka sauki baƙi. Ko'ina yana sauke buhu ya wuce, amma a ƙofarmu kullum sai babur ɗinsa ya ƙi tashi. Na gaya wa Adda cewa a littafi haka ake farawa. Ta jefe ni da ludayi.

Shekara na zagayowa iyayensa suka zo, aka sa rana bayan an gama cire gyaɗa. Na riga na tsara bikin a raina, da babban zaure da fitilu da mota mai furanni. Sai Goggo ta aika wa babanmu cewa a ɗaga auren, ba ta kuma ce zuwa yaushe ba.

Mahaifiyarmu, Dada, ita ta gano dalili. Tun Adda na goye Goggo ke tara mata kayan ɗaki, kwalla da samira da tasoshi, da ƙore masu zane da ta ƙona da hannunta. Duk suna can a ɗakin da ta gudu ta bari. Ba za ta kai 'yarta gidan miji ɗaki wayam ba, dangin ango su leƙa su koma suna ƙus-ƙus. Adda kuwa ta daina tsefe kai, kuma in ta ji ƙarar babur sai ta shige ɗaki.

Matan layinmu suka ce ai abu ne mai sauƙi, kowa ta kawo abu ɗaya. Maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar Numan da ke waƙa a cocinsu, ita ta fara aiko da labule. Goggo ta ninke shi da kyau ta mayar, ta yi godiya mai tsawo. Ta gaya wa Dada cewa abincin mutane ta ci, ɗakin mutane ta kwana, amma 'yarta ba za ta yi aure da kayan sadaka ba.

Dada ba ta yi mata musu ba. Ta sa aka kawo busasshen duma daga gonar kawunmu a Mbamba, aka fafe, ta zube shi a tsakar gida tana ƙorafin cewa yanzu babu mai iya zanen ƙwarya a garin nan. Goggo ta wuce ta gabansa kamar ba ta gani ba. Washegari da hantsi muka ji ƙauri. Ga Goggo zaune a gindin mangwaro, ta sa wuƙa a garwashi, tana jan layi a bayan ƙwarya.

Malama ta leƙo ta katanga, ta yi magana da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji.

"Goggo, wannan nawa ne, kar ka ba kowa."

"Ba na sayarwa ba ne, Malama."

"Wa ya ce zan saya? Albashi ma bai shigo ba. Ka ba ni ƙwarya, in ba ka labule. Ni ma ba na karɓan kyauta."

Goggo ta daɗe tana hura garwashi. Sannan ta tambaye ta wane irin zane take so.

Daga ranar tsakar gidanmu ya zama kasuwa. Mai tukunya ta kawo tukunya, matar tela ta ɗinka zanin gado da guntayen atamfofinmu, wata tsohuwa daga cikin Yola ta zo da tasar da aka yi mata jere da ita. Kowa ta tafi da ƙwarya a kai. Goggo har ciniki take yi, tana cewa wannan langar ba ta kai babbar ƙwarya ba, sai dai ƙarama. Ni kwalbar turarena na bayar, wadda nake ɓoyo don nawa auren.

Ranar jere muka bi motar kaya zuwa Ngurore, dawa ta yi ja a gonaki hagu da dama. Babu kwano biyu masu kama ɗaya a ɗakin. Aka yi zaman biki a masussuka, ƙarƙashin rumfar kara, ana ɗibar kunun sabuwar gyaɗa a ƙoren Goggo, don kowa da tata ta zo. Malama da ƙawayenta suka yi waƙa, tsofaffi suka amsa da guɗa.

Kafin a shigo da amarya, Goggo ta shiga ɗakin, ni ina riƙe mata labule. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, tana faɗin ƙwaryar da ta bayar a kan kowanne. Sannan ta kwance wani ɗauri da ke hammatarta. Wata sabuwar 'yar ƙwarya ce, da irin zanen wadda ta fara yi wa Adda a Mubi. Ta ɗora ta a can sama, ta gyara mata zama, ta juyo.

"Je ki ce wa dangin ango su shigo su gani."