Yatsun Ƙauyenmu a Takarda ta Biyu

Ƙauyenmu bai taɓa gusawa ko taku ɗaya ba, amma masu riƙe da shi sun yi ta sauyawa. Ina yaro, Talata Mafara ake kai kuka, Sakkwato ce babbar hukuma. Daga baya aka yanke mu aka haɗa da Maradun, Bakura ta kama gabanta, aka wayi gari mu 'yan jihar Zamfara ne. Duk sauyin da aka yi sai a ce gwamnati ta matso kusa. Rafin da ya raba mu da kasuwar Maradun kuwa bai ji labari ba. Da damina ta nutsa sai ya cika ya batse, hatsin sayarwa ya kwana a rumbu, mai naƙuda a ƙetare da ita a kan ƙyauren ƙofa.

Shekarar da na fara koyarwa a firamaren garin, dattawa suka ce in rubuta wa wakilinmu na majalisa takardar neman gada. Shi wakilin a fasta kawai muka san shi. Ɗan aikensa muke gani, wani mai karkatacciyar hula da gaisuwa ba iyaka. Shi ya ba ni shawara: koke a takarda ɗaya, sunaye da dangwale a wata daban, wai manya ba sa son takarda mai dabbaren tawada. Ni kuwa, sabon malami mai biro uku a aljihu, na ga ai wayewar ke nan.

Aka taru a ƙofar mai gari bayan la'asar. Da layi ya zo kan kawuna, yayan mahaifiyata, mutumin da ko goro ka miƙa masa sai ya juya shi sau biyu, ya tsaya yana duban takardar sunayen.

"Malam, ina maganar gadar?"

"Tana waccan, Kawu."

"To, wagga hwa, mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, sunaye ne kawai."

"Takardar da ba ta ce komi ba, duk abin da aka sa mata a baki shi za ta hwaɗi. Ba ni sa yatsana."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce masa zamani ya wuce nan, mutane suka yi dariya, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Sauran duk suka dangwala, har mata.

Damina biyu suka wuce, ɗan aike yana ta "ana nan ana ƙoƙari". Ran nan na je ofishin wakilin neman kujerun makaranta. Ina zaune ina jira, idona ya kai kan wata takarda a bango, cikin gilashi. Wasiƙar godiya ce daga jama'ar ƙauyenmu, bisa gadar da aka gina mana. A ƙasanta ga takardar sunayen nan da rubutun hannuna, ga yatsunmu reras. A gefe har da hoton wata gada da ban taɓa takawa ba. Innalillahi! Na tambayi akawun ofishin, ya ce, "Ai ku kun more, Malam." Har yau ban san ko wakilin ne ya shirya abin ba, ko ɗan aiken ne ya yi mana sakiyar da ba ruwa, mu da maigidan nasa. Ko wanne na zarga sai in ga ya dace.

Na koma na faɗa wa dattawa gaskiya. Da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Kawu ma "Allah shi kyauta" kawai ya ce.

Bara aka yi sabon wakili. Ma'aikata suka zo da igiyar awo suka auna rafin, suka ce gadar za ta ci bakin gonaki, don haka sai jama'a sun dangwala sun yarda, in ba haka ba a kai ta ƙauyen gaba. Ni kaina ban gama yarda da su ba, amma na rubuta komai a takarda ɗaya, na karanta a ƙofar masallaci sau biyu, na bi gida gida. Wannan ya ce sai ya yi shawara, wancan ya ce lauje ya yanke shi a yatsa. Kwana uku ina yawo, ban samu yatsa biyar ba.

Na ce bari in je wurin wadda ba za ta ƙi ni ba. Mahaifiyata tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, na karanta mata tun daga bisimilla har ƙarshe, na buɗe tawada. Ta saurara tsaf, sannan ta cusa hannuwanta biyu cikin zane.

"Ban ce da saninka aka yi ba," in ji ta. "Amma wancan karon ma, kai ka kama mini yatsan ka danna."