Tsanin da ba wanda ya riƙe wa Ninang Leoncia

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Leoncia Dimaculangan a asibitin garin Lipa, bayan ta faɗo daga tsani tana tsinkar gahawar barako a gonarta. Shekarunta saba'in da huɗu. Ita ta riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma, shi ya sa nake kiranta Ninang.

Ninang, kin fi kowa sanin tsawon bishiyar barako. Ba a hawanta sai da mai riƙe tsani. Da can mijinki ke riƙe miki. Da ya rasu, maƙwabta suka karɓa, har su ma suka sare nasu itatuwan, suka sayar wa masu gina gidaje filayen. Kika rage ke kaɗai a tsakiyar katangu.

Na tuna shekarar da dutsen Taal ya yi aman wuta, toka ta rufe komai. Mutanen bakin tafkin da ke kewaye da dutsen suka cika makarantar unguwarmu, ba ko bargo. Kika soya gahawar da kika tanada don kasuwa, kika daka, kina zuba musu ita da zafinta a kan shinkafa. Na ce, "Ninang, me za ki sayar?" Kika ce, "Ke dai miƙo kwano, surutunki ya fi na kaza."

Ɗanki Efren kuwa, duk zuwansa daga Manila magana ɗaya ce: "Inay, uwata, ki sayar da gonar nan ki huta." Ki ce, "Zo ka riƙe mini tsani tukuna." Ya yi dariya, ya duba waya. Amma bai ƙi ɗaukar buhun gahawa ya kai wa abokansa su yaba ba.

Ranar da kika faɗo, mai kawo ruwa ne ya tsince ki, ja-jan 'ya'yan gahawa warwatse a jikinki. Jiya kuma, akwatin gawarki na tsakar ɗaki ana addu'a, na hangi Efren a gona da wani baƙo, suna auna ta da igiya.

Ubangiji Ya jiƙan ki, Ninang, Ya gafarta miki, Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Perlita da ta yi jinyarki, da jikokinki. Efren ma, Allah Ya ba shi haƙuri, in yana buƙata.