Tambayar da Lawali bai iya yi da bakinsa ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar abokina Mushe Lawali, malamin tarihi a koleji nan Dakoro; mushe muke ce wa malamin boko a nan. Allah ya karɓi ransa a shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, har liman ya riƙa sallah da mutanen gidansa kaɗai. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa dausayi ne.

Tare muka yi karatun allo, shi ya tafi lakwal karatun boko, ni na tsaya a zaure. Tun muna yara wani abu ke cin zuciyarsa. A zamanin wani mulkin soja da ya shuɗe, mota ta zo ta ɗauki mahaifinsa tare da maƙwabcinsu Baba Bube. Bube ya dawo, uban bai dawo ba. Lawali bai san ko an yi wa mahaifinsa wanka da sallah ba, ko kuwa an jefa shi rami ne kawai. Bube kaɗai ya sani, shi kuma da an taɓo maganar sai ya ɗauki butarsa ya tashi.

Shekarar da rana ta yi husufi, Lawali ya shirya wa ɗalibansa shari'ar kwaikwayo. Za su gurfanar da wani azzalumin shugaba na wata ƙasa mai nisa, wanda ya mutu tun da daɗewa. Wasu alƙalai, wasu lauyoyi, wasu shaidu. Kafin ranar kasuwa magana ta canza kama, ana cewa mushe zai yi wa gwamnati shari'a. Daraktan koleji ya kira Lawali ya rufe ƙofa. Uban yaron da aka ba matsayin shugaban ya zo ya janye ɗansa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina na daina zama kusa da shi a masallaci na ɗan lokaci, don kowace mota ta tsaya a unguwa sai gabana ya faɗi.

Tambayoyin da yaran suka tsara wa shaidu ba su gamsar da Lawali ba. Ya ce na littafi ne, sai mun je wurin wanda ya shiga ya fito. Sai dai ɗa ba ya tsare dattijo da tambaya, balle a kan ubansa, wanda ko sunansa ba ya iya faɗa. Don haka ni na zama bakinsa.

Da muka isa gidansa, Bube ya hangi biro a aljihun Lawali, ya ce, “Ɗan Mamman, mayar da wannan. Da irinsa aka rubuta mu.” Ni da na fito da alƙalamin kara da tawada bai hana ni ba, a ganinsa ajami ba ya zuwa ofis.

Na ce, “Baba, mi ake tambayar shaida?”

Ya leƙa bayan darni, sannan ya rage murya. “In kun ce mi ka gani, zai ce bai ga komi ba. Ni ma haka zan ce. Ku tambaye shi wa ya ba shi ruwa. Ku tambaye shi ina ne gabas a ɗakin da aka tsare su. Ku tambaye shi wanda ya mutu, wa ya wanke shi.”

Na rubuta. Lawali yana kallon tabarma, bai ɗago ba. Muka yi sallama ba tare da ya sami abin da ya kai shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Matasa na zaune a fada, majalisarsu ta bakin titi, suna hira, da baƙuwar fuska ta zauna sai a koma maganar damina. Kowa da waya a hannu, kowa na tsoron ta maƙwabcinsa. Ban sani ba ko akwai malamin da zai yi irin shari'ar nan yanzu. Ina jin Lawali zai yi, yana tsoro yana yi, domin a haka na san shi. Ɗalibansa sun zama manya, wata cikinsu ungozoma ce a Korahane, kuma an ce ba ta tambayar mace abin da kunya za ta hana ta amsawa, sai ta zagaya. Abin da ya bari ke nan.

Ranar shari'ar mutane kaɗan suka zo, suka tsaya nesa da ƙofa. Wata yarinya mai suna Hadiza ce lauya. Ta dubi yaron da ke shaida ta ce, “Wanda ya mutu a ɗakinku, wa ya wanke shi?” Ba a koya wa yaron amsar ba.

Sai murya ta fito daga taga. Ba mu san Bube ya zo ba.

“Ni na wanke shi. Da ruwan shanmu. Na fuskantar da shi gabas, mu huɗu muka yi mishi sallah.”

Wasu na waje suka sulale. Lawali ya ajiye alli, ya fita ya durƙusa gaban tsohon a cikin rairayi.

Bube ya dafa kansa ya ce, “Na daɗe riƙe da kayanka, ɗan Mamman. Ga shi.”

Lawali ya ce, “Na karɓa, Baba.”