Mai Sauraren Injin

Ina zaune kan buhuna a wani kamfanin casar shinkafa a Talata Mafara, ina jiran layi, sai ga wani dattijo ya fito daga ofis. Siriri ne, hularsa ta sha baƙin mai. Yana riƙe da takarda nesa da jikinsa kamar tana ƙona shi.

Maigadi ya raɗa mini cewa daraktoci sun zauna yau. Su bakwai, duk 'yan gida ɗaya, babu wanda ya taɓa kwance ko noti. Sun sallami mutumin nan bayan shekara ashirin, sun ba surukin shugaba wurinsa.

Innalillahi! Na kasa rufe baki.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ɗora tafinsa a jikin injin, ido rufe, yana saurare. Ina jin abin da ya sani ba ya cikin kowane littafi, a kunnensa yake.

"Alhaji," ya ce wa surukin, wanda ke tsaye a gefe, "a kashe shi. Bel ɗin ga ba shi kai la'asar."

"Wanne ne bel ɗin, Baba?"

Dattijon ya dube shi, ya dubi takardar. Sai ya cusa ta aljihu, ya naɗe hannun riga.