Tandun Maigidana

Maigidana baduku ne a Maska, tun zamanin da fatake ke sauke jakunansu a bakin karofi suna sayen baƙin zane. Yini yake cikin fata, ko ya yi wanka warin jima ba ya barin jikinsa, shi kuwa ko a kwalar rigarsa. Yana da wani ɗan tandu na fatar raƙumi da yake zuba turarensa, jibda ce da kanumfari da ya haɗa da kansa. Bai taɓa wanke tandun ba, sai dai ya ƙara sabo a kan tsoho, har cikin ya yi baƙi ƙirin.

Ƙamshin nan ba shi da kunya. Nauyi gare shi, ga ɗacin bagaruwa, ga hayaƙi-hayaƙi, can ƙasa kuma wani zaƙi da sai ka matso kusa za ka ji. Kafin ya yi sallama na san ya dawo. Nakan ce, "Maigida, yau ma awaki za su raka ka masallaci." Sai ya yi dariya, ya ƙara lakuta ya shafa a gemu.

Wata damina ciwon ciki ya ɗauke shi, na shiga takaba. Mai takaba ba ta shafa turare, ni kuma na ji tsoron kada ko shaƙar ma ta zama laifi. Sai na toshe tandun, na naɗe shi da tsumma, na tura ƙarƙashin ƙoraina. Rigunansa magada sun raba, tandun nan ne kaɗai abin da ya rage mini na jikinsa. Na ƙudura ranar da na fita takaba zan rufe ɗaki in buɗe shi ni kaɗai.

Yayata ce ta zo taya ni zama, mace mai tsabtar da har ta yi yawa. A garinmu in mace za ta fita takaba, 'yan'uwa kan wanke mata kayan ɗaki kaf. Ranar, ana gama mini kitso, sai ga ta da tandun a hannu.

Ta ce, "Wannan ƙazanta kamar ba mace a gidan. Da toka da ruwan zafi na kankare shi, na shanya, na zuba miki sabon turare na wurin fatake."

Na buɗe. Ƙamshi ne mai daɗi, irin na kowace amarya. Na tusa hanci har ƙasa ina neman mijina, ban same shi ba. Tana tsaye tana murmushi, tana jiran godiya. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, alheri ta nufa. Abin da ke cina har yau shi ne, daga baya na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce shafawa aka hana mai takaba, shaƙa ba komai. Watannin nan duka tandun yana ƙarƙashin ƙorai a gefen shimfiɗata, a cike.